Yadda ake duba farantan saiti na haidirolik a tsohon jirgin ruwa, a kuma gyara su

Duk wanda ya sayi jirgin ruwa mai gudu na hannu, irin na faiba da ake shigowa da su daga Amurka ko Turai, zai tarar da wasu farantan ƙarfe guda biyu manne a bangon bayan jirgin, ɗaya a hagu ɗaya a dama, daidai inda gindin jirgi ya ƙare. Su ne farantan saiti. Idan ka sauke su, ruwan da ke wucewa ƙarƙashin jirgi yana bugun su, sai ya ɗaga bayan jirgin ya kwantar da goshinsa. Idan ka sauke ɗaya kaɗai, sai jirgin da ya karkata saboda kaya ko fasinjoji ko iska ya miƙe. Jirgin da farantansa ke aiki yana saurin hawa saman ruwa, direba yana ganin gabansa, mai kuma ba ya tafiya a banza wajen tura jirgin da ya ɗaga hanci sama.

A tsofaffin jirage, na'urar da aka fi samu ita ce ta kamfanin Bennett Marine da ke Deerfield Beach a jihar Florida, wanda Yamaha ta saya a 2017. Akwai wasu masu aiki da matsin mai kamar ta, wato haidirolik, irin su Boat Leveler, akwai kuma masu aiki da lantarki zalla irin su Lenco. Bayanin nan a kan na Bennett na gina shi, musamman launin wayoyi da ma'aunai, don haka mai wata na'ura daban ya ɗauki tsarin binciken, ya nemi ma'aunin tasa a takardar kamfaninta.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne, wannan na'ura ba ta cika mutuwa ba. Mafi yawan farantan da ake cewa sun lalace, waya ce ta ci tsatsa, ko mai ya yi ƙasa, ko zoben roba ya gaji. Sayen sabon famfo kafin a gama bincike asarar kuɗi ce. Wurin da ya cancanci tsoro kuwa ba famfon ba ne, ramukan da aka huda a bangon jirgi ne, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Ka fara sanin abin da ke gabanka

Sassan ba su da yawa. Akwai makunni a gaban direba. Akwai akwatin famfo, wanda galibi yake a ɗaure a cikin jirgi kusa da bangon baya: a cikinsa akwai ƙaramin moto mai juyawa gaba da baya, da famfo, da tankin mai a ƙasa, da bawul biyu masu buɗewa da lantarki, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Daga akwatin, siririn tiyo biyu na nailan suna tafiya zuwa bango. A waje kuma akwai silinda a kan kowane faranti, kanta na sama a ɗaure a bango, ƙafarta a ɗaure a faranti.

Idan ka danna makunni don saukewa, moto ya juya gaba, bawul ɗin gefen da ka zaɓa ya buɗe, mai ya shiga silinda ya tura fistin, faranti ya sauka. Ka saki makunni, bawul ya rufe, man ya kulle a ciki, faranti ya tsaya inda yake. Wajen ɗagawa moto yana juyawa baya, man ya koma tanki, sifirin da ke cikin silinda da matsin ruwa su mayar da faranti sama. Tiyo ɗaya ne ke kai mai, shi ne kuma ke dawo da shi.

Akwai abin da ke rikita mutane. Makunnin yana magana ne a kan goshin jirgi, ba a kan faranti ba. Idan ka danna na dama don kwantar da goshi ta dama, farantin hagu ne zai sauka. Haka aka tsara shi, ba kuskuren mai wayarin ba ne. Mutum ya sa yaro ya tsaya a baya yana kallo, yaro ya ce na hagu ne ya motsa, sai a hau sauya wayoyi ana gyara abin da bai ɓaci ba.

Kayan aiki da shiri

Ka tanadi mitar auna lantarki, guntuwar waya mai fis a jikinta, sifana mai rabin inci, sukuddireba biyu, filaya, samfefa, ƙaramin mazurari, sirinji babba, tsumma da yawa, da kwalba ɗaya ta man giyar mota mai otomatik, wato ATF. Shi Bennett ke amfani da shi, kuma kowane iri ya yi, ka ga ba sai an yi odarsa daga waje ba, duk shagon da ke sayar da man mota yana da shi. Kada ka zuba man birki, yana cinye roba. Kada ka zuba baƙin man inji, ya yi kauri.

Duk aikin da ya shafi silinda da bango, sai an fito da jirgi daga ruwa, a kan tirela ko a kan katakan da suka zauna daram. Idan jirgin mai fetur ne, ka buɗe murafun baya, ka kunna fankar fitar da iska ta yi aƙalla minti 4, ka sa hanci ka shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, daidai inda akwatin famfo yake, kuma gwajin da za mu yi yana iya fitar da tartsatsi. In ka ji warin fetur, aikin farantai ya dakata sai an gano inda yake fitowa.

Mataki na farko: ido da kunne

Kafin ka kwance ko da noti ɗaya, ka sa wani ya zauna a kujerar direba, kai ka tsaya a baya. Ya danna kowane makunni ƙasa da sama, kai kuma ka saurara ka kalla. Abin da ka ji zai raba maka aiki gida uku.

Idan shiru kake ji ta kowane gefe, matsalar lantarki ce kusan kullum. Idan moto yana kuka amma babu farantin da ya motsa, ka fara zargin ƙarancin mai ko raunin wuta. Idan gefe ɗaya yana aiki ɗaya ba ya yi, to moto da famfo lafiyarsu ƙalau, tunda su ne ke hidimar ɓangarorin biyu. Laifin yana cikin abin da ya keɓanta da gefen da ya ƙi, wato makunninsa, wayarsa, bawul ɗinsa, tiyonsa ko silindarsa. Wannan tunani kaɗai ya isa ya hana ka sayen famfo.

Sannan ka kama bakin faranti da hannu ka girgiza shi. Ɗan motsi kaɗan ba laifi. Idan yana rawa sosai, ka duba ko fil ɗin ƙafar silinda ne ya cinye, ko kuwa sukurorin da suka riƙe faranti a bango ne ke motsi a raminsu. Na biyun ka sa masa alama, za mu dawo kansa. Kuma ka hana kowa taka farantin don hawa jirgi. Ba matakala ba ne.

Mataki na biyu: mai

Ana auna mai ne lokacin da farantai biyun suke sama gaba ɗaya, domin a lokacin ne duk man ya dawo tanki. Idan ka cika tanki farantai suna ƙasa, ranar da suka ɗago man zai yi ambaliya a cikin jirgi. A akwatin Bennett, man ya kamata ya kai wajen inci 2 daga gindin tanki, kusan santimita 5. Ka cire murfin roba mai haske da ke rufe akwatin, za ka ga toshiyar wurin zuba mai a kusurwar gaba.

Ka dubi launinsa da kyau. Lafiyayyen ATF ja ne garau. Idan ka gan shi ya yi fari-fari kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ya shiga. Ƙara sabon mai a kansa ba gyara ba ne. Ka zuƙe shi duka da sirinji, ka zuba sabo, ka motsa farantai, ka sake zuƙewa, har sai launin ya dawo. Ruwan kuma ta hanya biyu yake shiga: ko dai akwatin yana inda ruwan ƙasan jirgi ke fantsama masa, ko kuma zoben robar fistin ya gaji yana barin ruwa ya haura ta silinda. Idan ba ka toshe hanyar ba, wata mai zuwa za ka sake tarar da shi haka.

Mai ba ya ƙonewa a wannan na'ura, ba ya kuma ƙafewa. In ya ragu, yoyo ne. Ka bi tiyo da busasshen farin tsumma tun daga fuskar famfo har bango, ka dudduba wuraren da ya goga da ƙarfe ko ya lanƙwashe, da inda ya bi kusa da inji mai zafi. Tsohon nailan yana bushewa ya yi tsagu. A waje, ka duba ƙasan silinda ko akwai jan danshi. In jirgi yana kan ruwa, alamar ita ce ƙyallin mai da ke yawo a bayansa.

Bayan ƙara mai ba a buƙatar wani dogon aikin fitar da iska. Ka danna ƙasa na daƙiƙa 15, ka danna sama na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka maimaita sau 3, iskar za ta fita da kanta ta tanki. Sai ka ɗaga farantai ka sake auna man. Tsohon man kuma ka zuba shi a jarka ka kai wa masu karɓar baƙin mai, kada ya ga ruwan kogi.

Mataki na uku: wuta

A nan aka fi samun ɓarawon. Ka fara da batir: cikakken batir mai bolt 12 yana nuna wajen 12.6 a mita idan yana hutawa. Daga nan ka nemi waya mai ruwan goro da ke kai wuta ga makunni, a jikinta akwai fis mai amfiya 20. Ka cire shi ka auna, kada ka yarda da ido, domin fis yana iya zama lafiya alhali gidansa ya yi kore da tsatsa. Idan ka sa sabo ya sake ƙonewa nan take, akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko moto ya cije. Ɗaura waya a madadin fis hanyar gobara ce.

Sai baƙar waya, ta nagetif, wadda ta fito daga bayan akwatin famfo. A ganina babu wayar da ta kai ta jawo wa mutane asarar kuɗi. Tana zaune a wuri mai danshi shekara da shekaru, bakinta ya ci tsatsa, wuta tana wucewa amma ba isasshiya ba. Sai ka ji moto yana gurnani a hankali, bawul kuma sun kasa buɗewa domin ba su samu ƙarfin da zai ja su ba. Ka kwance ta, ka goge bakinta da wurin zamanta da samfefa har su yi ƙyalli, ka ɗaure, ka shafa giris a kai. Idan ka fere robar waya ka ga tagullar ciki ta yi baƙi, ka yi ta yankewa har ka kai inda take ja, in ba ka kai ba ka canza wayar duka. Ka auna wuta a bakin famfo lokacin da ake danna makunni, ba lokacin da yake hutawa ba. Idan ta faɗi ƙasa da bolt 11 alhali batir a cike yake, wutar tana zubewa a hanya.

Yanzu gwajin da ke raba gardama. Wayoyi huɗu ne ke shiga akwatin Bennett. Ja ta bawul ɗin hagu ce, koriya ta bawul ɗin dama, shuɗiya tana juya moto gaba don saukewa, mai ruwan ɗorawa tana juya shi baya don ɗagawa. Ka zare soket ɗinsu, ka bar baƙar waya a ɗaure, ka jawo wuta daga batir da guntuwar wayarka mai fis. Taɓa shuɗiya kaɗai: moto ya juya. Taɓa mai ruwan ɗorawa kaɗai: ya juya baya. Taɓa ja kaɗai, sannan koriya kaɗai: kowace ya kamata ka ji ɗan ƙas na bawul. Sai ka haɗa shuɗiya da ja, farantin hagu ya sauka. Shuɗiya da koriya, na dama ya sauka. Mai ruwan ɗorawa da ja, na hagu ya ɗago. Mai ruwan ɗorawa da koriya, na dama ya ɗago. Kada ka taɓa haɗa shuɗiya da mai ruwan ɗorawa a lokaci ɗaya.

Idan komai ya yi aiki ta wannan hanya, akwatin famfo ya kuɓuta, laifin yana makunni ko a doguwar wayar da ta taso daga gaban jirgi. Makunnin da rana da ruwan sama suka daɗe suna duka ba ya da tsada, a canza shi kawai. Idan bawul ɗaya bai yi ƙas ba, shi kaɗai za ka saya, ana sayar da shi daban kuma da zare yake shiga. Idan moto ne ya ƙi juyawa ko da wuta kai tsaye da nagetif mai tsabta, ko ya juya ta gefe ɗaya kawai, a lokacin ne maganar sabon akwati ta taso.

Mataki na huɗu: famfo ne ko silinda

Wani lokaci moto yana juyawa, bawul biyu suna ƙas, amma gefe ɗaya ya ƙi sauka, ko ya sauka ya riƙa komawa sama da kansa idan jirgi yana gudu. Ka ɗaga farantai sama don matsin ya sauka, ka shimfiɗa tsumma, ka kwance tiyo biyun daga fuskar famfo ka musanya su. Idan matsalar ta yi ƙaura zuwa ɗaya gefen, daga akwatin take, galibi bawul ne da datti ya hana shi rufewa. Idan ta zauna inda take, tiyo ne ko silinda. Kada ka manta ka mayar da su yadda suke.

Ba a kwance tiyo faranti yana ƙasa. Akwai matsi a ciki, man zai yi tsartuwa, kuma ido yake nema.

Wajen ɗaure tiyo, notin yana da ɗan zobe a ciki da ke damƙe nailan. A sabon noti, ka tura tiyo har ƙurya, ka ɗaure da yatsu, sannan ka ƙara zagaye ɗaya da sifana. Ɗaya tak. Wanda ya ƙara don neman tabbaci shi ke murƙushe bakin tiyo ya haifar da yoyon da yake gudu. Idan bakin tiyo ya tsufa, ka yanke shi a miƙe da wuƙa mai kaifi ka sa sabon noti. Tiyon da ya tsage a tsakiya a canza shi daga farko har ƙarshe, kuma da irin nasa, ba tiyon ruwa ko na fetur ba.

Mataki na biyar: buɗe silinda

Abin daɗi a silindar Bennett shi ne ba sai ka cire kanta daga bango ba. Ka kwance sukurori biyu da suka haɗa ƙafarta da faranti, ka tallafi farantin da katako kada ya faɗi ya rataya. Ka kama jikin silinda da hannu biyu ka murɗa shi hagu, zai kwance daga kan. Mai kaɗan zai zubo, ka tara masa kwano. Da hannu ake wannan aikin. Jikin silinda roba ce mai tauri, filaya ko sifanar masu aikin famfon ruwa za su tauna ta.

Idan jirginka yana da allon da ke nuna matsayin farantai, to akwai na'urar auna motsi a cikin kan silinda, da siririn sanda mai shiga ciki. Ka zare jikin a miƙe, a hankali.

Ka duba zoben robar fistin da wanda ke kan silinda. In sun yi tauri, sun baje ko sun yage, a canza. Ka sa yatsa ka shafa cikin silinda. Idan ka ji zane mai zurfi, sabon zobe ba zai daɗe ba, ka sayi sabon jiki ka murɗa shi a kan tsohon kai. Ka duba sifirin ko ya karye, shi ne yakan sa faranti ya sauka ya ƙi komawa. Ka shafa wa sababbin zobba ATF kafin mayarwa, ka ɗaure da hannu har ya zauna. Shawarata, idan gefe ɗaya ya gaji ka yi wa biyun, tunda rana ɗaya aka haife su.

Mataki na shida: ramukan bango

Bangon baya na yawancin tsofaffin jiragen faiba katako ne a tsakiya, an lulluɓe shi da faiba ciki da waje. Shi ke ɗauke da nauyin inji da ƙarfin turawarsa. Kowane sukurun faranti rami ne da ya ratsa faiba ya shiga katakon, kuma yawancinsu a ƙarƙashin ruwa suke zaune. Abin da ya raba ruwa da katako shi ne ɗan danƙon da wani ya shafa shekara ashirin ko talatin da suka wuce. Faranti da ya daina aiki zai ɓata maka tafiya kawai. Bango da ya ruɓe yana iya cin kuɗin da ya fi darajar jirgin.

Ka ɗauki ƙotar sukuddireba ka ƙwanƙwasa bango kewaye da faranti da kan silinda. Lafiyayyen wuri yana ba da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe yana amsawa a dishe. Ka nemi jan zane na tsatsa da ke gangarowa daga kan sukuru. Ka gwada kowane sukuru a hankali: wanda ya riƙa juyawa ba ya kamawa, katakon bayansa ya tafi. Ka zare shi ka gani ko baƙin ruwa zai biyo shi.

Idan komai a bushe yake kuma a ɗaure, a bar kaza cikin gashinta. Cire faranti mai lafiya don a sake shafa danƙo, ba tare da wata alama ba, yakan zama gyaran gangar Auzinawa.

Idan kuwa ka samu rami mai laushi, kada ka cusa masa sukuru mafi kauri ka ce an gama. Ka cire farantin. Ka faɗaɗa ramin da injin huda, ka dubi garin da ke fitowa: fari busasshe alheri ne, baƙi mai danshi ruɓa ce. Ka ƙwaƙule laushin da lanƙwasasshiyar ƙusa har ka taɓa katako mai ƙarfi, ka bar shi ya bushe sosai, kwanaki ba awoyi ba, lokacin hunturu ya fi dacewa da wannan. Sai ka jiƙa cikin ramin da efoksi tsararo, wato gam ɗin da ke daskarewa ya yi tauri, ka cika shi da efoksi mai kauri ta sirinji tun daga ƙurya don kada iska ta maƙale. Idan ya daskare, ka huda sabon ƙaramin rami a tsakiyarsa. Yanzu sukuru yana zaune a cikin efoksi, ko danƙo ya gaji nan gaba ruwa ba zai ga katako ba. In ka ga ruɓar ta wuce faɗin tafin hannu, ko bango yana lanƙwasa idan ka danna ƙafar inji, aikin ya fi ƙarfin sirinji, sai mai aikin faiba.

Wajen mayarwa, ka kankare tsohon danƙo tas, ka cika kowane rami da sabo, ka tsoma zaren sukuru a ciki. Danƙon ya zama na ƙarƙashin ruwa. Na kamfanin 3M guda biyu aka fi sani: 5200 yana kamawa kamun da cire shi sai da yaƙi, kuma na asalin yana ɗaukar har kwana 7 kafin ya gama bushewa, 4200 yana toshe ruwa amma yana barin a kwance wata rana. Tunda sukurori ne ke riƙe faranti, ni 4200 nake zaɓa. Silikon ɗin gilashin taga ba shi da wuri a nan. Sukurori kuma su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma zagayen ƙarshe da hannu za ka yi shi.

Idan sai da ka cire kan silinda, akwai ɗan bututun tagulla da ke ratsa bango ya shiga cikinsa. Ka ɗaure shi da yatsu, ka ƙara zagaye biyu, ka tsaya. Kan roba ne, yana tsagewa, kuma tsagar ba ta nuna kanta sai an saka jirgi a ruwa.

Ka kuma duba zaman farantin da miƙaƙƙen katako da ka manna a gindin jirgi ya leƙo baya. Bakin faranti na jikin bango ya kasance wajen rubu'in inci sama da gindi. Idan an ɗage shi gaba ɗaya, bakinsa na baya ya fi haka tashi, wajen rabin inci a faranti mai tsawon inci 9. Farantin da ke zaune ƙasa da layin gindi ko an ɗage shi zai riƙa danne goshin jirgi kullum.

Tsatsa da ƙazantar ruwa

Farantan ƙarfe ne da ba ya tsatsa, amma ruwan gishiri yana cinsa ta hanyar lantarki. Maganinsa ƙarfen fansa ne, ɗan dunƙulen da ake ɗaurawa a saman faranti don ya cinye a madadinsa. A teku ana sa na zinki, a ruwan da ya gauraya irin na tafkin Legas na alminiyam ya fi dacewa, a ruwan daɗi irin na Kainji ko kogin Neja a Lakwaja kuwa na magniziyam ne ke aiki. Jirgin da aka sayo daga bakin teku aka kai shi kogi yana nan da zinkinsa, wanda a ruwan daɗi yakan yi farin ɓawo ya daina aiki. Ƙarfen fansa sai ya taɓa tsiraicin ƙarfe: ba a fenti a ƙarƙashinsa, ba a fenti a kansa. Idan ya cinye rabi a canza. Wanda ya shekara bai ragu ba ko kaɗan, ba ya aiki ne.

Jirgin da ke kwana a ruwan gishiri, halittu masu ɓawo suna manne wa faranti da sandar silinda. Ka kankare su da katako ko roba, ba da ƙarfe ba. Kuma duk lokacin da ka ajiye jirgi ka ɗage farantai gaba ɗaya, don sandar ta shige ciki. Haka ma kafin hawa tirela, da lokacin ja da baya.

Gwaji a kan ruwa

Bayan danƙo ya bushe, ka saka jirgi a ruwa, ka leƙa cikin bango da tocila kafin ka tashi, ka tabbatar babu ɗigo a ramin bututu. Ka fita wuri mai faɗi da babu zirga-zirga, kowa da rigar ceto. Ka hau gudu matsakaici farantai suna sama, sannan ka riƙa danna makunni taɓi-taɓi, rabin daƙiƙa, ka jira jirgi ya amsa kafin ka ƙara. Jirgi yana jinkirin amsawa, kuma mai danne makunni ya riƙe yakan wuce gona da iri, goshi ya nitse, sitiyari ya riƙa fizga. Ka sauke biyun zuwa rabi ka yi tafiyar minti goma ba tare da taɓa komai ba. In jirgi ya fara karkata a hankali, gefe ɗaya yana sakin mai, ka koma kan bawul ko zoben wannan gefen. Idan igiyar ruwa tana bin ka ta baya, farantai su kasance sama gaba ɗaya.

Da ka dawo, ka ɗage su, ka sake auna mai, ka shafa farin tsumma a ƙarƙashin kowane noti. Ka rubuta ranar da ka yi aikin a jikin murfin akwatin da alƙalamin da ba ya gogewa. Daga nan duba mai da baƙar waya duk wata uku ya wadatar, ƙwanƙwasa bango da duba ƙarfen fansa kuma duk lokacin da jirgi ya fito daga ruwa.